Dankali a Gwangwani: Riba ce ga Katsina ko Asara?

Daga ƙarshen Oktoba, da iskar hunturu ta fara kaɗawa, layin 'yan gwari a Babbar Kasuwar Katsina yakan cika da dankali. Motoci na sauke buhuna shaƙe har wuya, an toshe bakinsu da ganye an ɗinke. Masu kasawa sun baje shi kashi-kashi, mai saye kuwa yana tayawa yadda ya ga dama, domin ya san in bai saya a nan ba, ga wani kashin nan taku uku a gaba. A wannan lokaci dankali na cikin abinci mafi araha a garin. Sai dai arahar ba ta daɗewa, kayan ma ba ya daɗewa. Wanda fartanya ta sara wajen haƙa, ko ya goge a cikin mota, cikin mako biyu zuwa uku zai fara yamushewa, ya yi baƙi a wurin raunin, ƙwaro ya huda shi ya bar masa ɗaci. Dole mai kaya ya karya kuɗi ya rabu da shi, abin da ya rage a zuba wa dabbobi. Kafin damina ta kankama, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, dankalin ya ja baya, wanda aka samu kuma ya yi tsada.

Wannan hali ne yake haifar da tambayar da ake ji daga bakin matasan da suka karanta kimiyyar abinci, da wasu 'yan kasuwar da suka ga duniya: me zai hana a sa dankali a gwangwani, kamar yadda aka sa tumatir da madara da kifi? Nijeriya na noma kusan tan miliyan 4 na dankali a shekara, tana cikin 'yan ƙasashen da ke bin bayan Sin wajen yawan nomansa. A Amurka, dankalin gwangwani kaya ne na yau da gobe, musamman a watan Nuwamba lokacin bikinsu na godiya, kuma jihohin Karolina ta Arewa da Luwiziyana sun daɗe suna cin abinci da shi. A nan kuwa, in ka bi shagunan 'yan tireda za ka ga tumatir, ka ga sadin, ka ga wake da masara na gwangwani don masu haɗa salak, amma dankali ba ya cikin jerin. Mai goyon baya yana ganin wannan giɓi ne da ya kamata a cike. Mai suka yana ganin kasuwa ta san abin da take yi da ta bar shi.

Masu goyon baya sukan fara ne da gyara wata fahimta da ta yaɗu, wai duk abincin gwangwani magani ake zuba masa don kada ya ruɓe. Aikin ba haka yake ba. Tun lokacin da Nicolas Appert ya bayyana dabararsa ta kwalabe a Faransa a 1810, kuma Peter Durand ya yi rajistar gwangwanin ƙarfe a Ingila a wannan shekarar, asalin abin bai sauya ba: a zuba abinci, a fitar da iska, a rufe ruf, sannan a dafa shi a rufen da zafin da zai kashe duk wata ƙwayar cuta. Ga abinci marar tsami irin dankali, ana kai zafin wajen digiri 121 a cikin tukunyar tururi mai matsi. Da an gama, ba iska, ba haske, ba ƙwaro. Zafi da murfi ne suke tsare shi.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, bayan wannan dahuwa mai tsanani, me ya saura a ciki? A nan masu goyon baya suna da alƙaluma, kuma alƙaluman ba na wasa ba ne. A jadawalin sinadaran abinci na ma'aikatar noma ta Amurka, giram 100 na dankali mai jan ciki da aka fere aka dafa a ruwa yana ɗauke da maikrogiram 787 na bitamin A. Na gwangwani, bayan an tsiyaye ruwansa, yana da 458. An yi asara, babu shakka, amma yaro mai shekara ɗaya zuwa uku bukatarsa a rana ba ta wuce maikrogiram 300 zuwa 400 ba. Ke nan abin da bai cika tafin hannu ba ya ishe shi wuni guda. Dalili shi ne beta-karotin, sinadarin da ke ba dankalin launinsa kuma jiki yake mayar da shi bitamin A, ba ya narkewa a ruwa, kuma ya fi jure wuta a kan iska da haske. Dusar da ke taimaka wa hanji ita ma tana nan, wajen giram 3 cikin 100, daidai da ɗanye. Fotasiyam kan tsere cikin ruwa: ɗanyen dankali yana da miligiram 337, na gwangwani 193. Amma wanda aka fere aka dafa a tukunyar gida aka zubar da ruwan, 230 ne. Wato mafi yawan asarar da ake ɗora wa gwangwani, tukunyarmu ma tana yin ta kullum ba wanda ya ce uffan.

Hujjar da ta fi kama ni a ɓangarensu ita ce ta kwatanta gwangwani da shanya. Mu da ma muna da hanyar adana dankali: a yayyanka a shanya a rana, a ajiye a buhu, a riƙa ɗiba ana niƙawa cikin gasarar kunun zaƙi don ya ba da zaƙi. Hanya ce mai kyau ga sitaci, amma mugunta ce ga bitamin A. Binciken da aka yi a Yuganda a kan busasshen dankali mai jan ciki ya nuna cewa shanyar kanta ba ta cin abu mai yawa. Ajiyar ce take ci. Bayan wata huɗu a ɗaki, kusan kashi 70 cikin 100 na sinadarin ya tafi, domin iska na shiga kowane yanki tana cinye shi a hankali, launin yana koɗewa a gaban idonka. A lissafa daga Disamba zuwa Yuli, lokacin da aka fi bukatarsa, a ga abin da zai saura. Gwangwani ba ya da wannan matsala, tunda iskar ce aka hana shiga tun farko.

Suna kuma kawo halin da jihar ke ciki. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 57 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 37 ne. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa a wata shidan farko na shekarar ta kula da yara kusan 70,000 masu tamowa a Jihar Katsina, kuma 652 sun rasu a cibiyoyinta. Ƙarancin bitamin A yana kawo dundumi, yana raunana garkuwar jiki, yana sa ƙyanda da gudawa su kashe yaron da ya kamata ya tashi. Ga kuma iyalan da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu a Batsari da Jibiya da Safana da Faskari da Ƙanƙara, suna raɓe a kangaye da gidajen 'yan uwa a cikin gari. Matar da ba ta da itace, ba ta da kuɗin gawayi, abincin da za ta buɗe ta ba yaro nan take ba ƙaramin abu ba ne gare ta, kuma ba ya bukatar firji kafin a buɗe. Da babu, in ji masu wannan ra'ayi, gara ba daɗi. Suna ƙarawa da cewa masana'antar da za ta sayi rarar kaka za ta hana farashi faɗuwa ƙasa warwas, manomi ya samu abin sawa a aljihu.

Masu suka ba su musanta ko ɗaya daga cikin waɗannan alƙaluma ba. Abin da suke cewa shi ne a duba ruwan da dankalin yake kwance a ciki. Mafi yawan dankalin gwangwani da ake sayarwa a duniya a cikin ruwan sukari ake rufe shi. Shi ya sa giram 100 nasa yake da kalori 108, alhali dafaffe na gida 76 ne, kuma wannan bayan an tsiyaye ruwan ke nan. A gidajenmu wa zai zubar da ruwan zaƙin da ya saya da kuɗinsa? Yara ne za su shanye shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci a rana, in ya sauka ƙasa da kashi 5, wajen ƙaramin cokali shida ga babba, ya fi. Mutanen da suke fara wuni da shayi mai kauri, su bi shi da lemon kwalba da rana, ga ciwon suga da hawan jini suna yawaita a asibitoci, ba su bukatar a ɗauki abincin da Allah ya yi shi da zaƙinsa a jiƙa shi a sukari. Akwai dai wanda ake rufewa ba tare da ruwan sukari ba, kalorinsa 91, fotasiyam ɗinsa kuma 312, kuma in har za a yi, shi ya kamata a yi. Amma ɗan kasuwa abin da ke tafiya yake yi, zaƙi kuwa yana tafiya.

Sai maganar kuɗi, wadda a ganina ita ce ta fi nauyi a duk abin da masu suka suke faɗa. Kasuwar nan da kanta ta riga ta yanke hukunci a kan gwangwani. A duba teburin kowane mai tireda: tumatirin da a da ake saye a ƙaramin gwangwani ya koma leda, madara ta koma leda, man shafa burodi ya koma leda. Kamfanonin ba ƙin gwangwani suka yi ba, sun ga aljihun mai saye ne. Farantin ƙarfen da ake yin gwangwani da shi daga waje ake shigo da shi, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 aka saki naira a Yunin shekarar, duk abin da ya tsallako teku ya ninka. Ga kuɗin wuta ko gas na tukunyar tururi, ga na jigila. Tumatirin gwangwani yana iya ɗaukar wannan nauyi saboda an ƙone masa ruwa ya yi kauri, cokali biyu sun isa tukunyar miya. Dankali ba kayan miya ba ne, abincin cika ciki ne. Gidan da ke da baki goma gwangwani nawa zai buɗe kafin a ƙoshi? Matar nan da aka ce ba ta da kuɗin gawayi, da me za ta saye shi? In ba kyauta aka ba ta ba, ba za ta taɓa ganinsa ba. Ɗan tiredan da ya sake tada jari da ƙyar bayan gobarar da ta ci kasuwar a Maris 2021 shi ma ba zai zuba kuɗinsa a kayan da zai shekara a kan kanta ba.

Ko da an shawo kan tsadar, akwai baki. A tsaya wurin mai suya da la'asar a ga yadda ake cin dankali a Katsina. Ta fere shi, ta yanka shi fale-fale cikin ruwan gishiri, ta tsame ta watsa a kasko, man ya ɗauki ƙara. Ba ta juyawa sai gefen ya yi ja. In ta kwashe a mataci, bayansa ƙamas, cikinsa gari-gari, ta barbaɗa yaji ta naɗe a takarda. “Inna, a haɗa mini da ƙosai, a yi gyara,” in ji ɗan acaɓan da ya tsaya bai ko kashe mashin ba. Abin da ya kawo shi ke nan: wannan ƙamas ɗin da wannan garin. Dankalin gwangwani ya riga ya dahu luguf, ya sha ruwa; in ya shiga mai sai ya wargaje. Ba ya soyuwa, ba ya gasuwa, ba ya tsayawa a faranti a ci shi da ƙuli-ƙuli da mai. Fate kaɗai zai yi, ko a dama wa jariri. Sinadarin da ke cikin abincin da mutane suka ƙi ci ba ya amfanar kowa.

Akwai kuma haɗari, kuma bai kamata a yi masa riƙon sakainar kashi ba. Abinci marar tsami da aka rufe ba iska shi ne wurin da ƙwayar Clostridium botulinum take so. In zafin bai kai ba, ko murfin ya samu 'yar kafa, sai ta tsira ta fitar da gubar da ke shanye jijiyoyi har numfashi ya tsaya, kuma ba lalle ne abincin ya yi wari ba. Tafasar tukunyar gida digiri 100 ce, ba ta kashe ƙwan wannan cuta, don haka duk wanda ya ce zai koya wa mata rufe dankali a kwalba a gida, a guje shi. Na masana'anta ma yana son kulawa. A watan Afrilu zafin Katsina yana haura digiri 40, a cikin shago mai rufin kwano kuwa ya fi haka, kuma zafi yana gaggauta tsatsa, yana rage bitamin. Gwangwanin da ya kumbura, ko ya lotsa a bakin murfi, ko babu lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi a jikinsa, ba abin saye ba ne ko da rabin kuɗi aka bayar. Da an buɗe kuma alfaharin rashin bukatar firji ya ƙare, sai a cinye a ranar.

Game da masana'antar da za ta ceci manomi, Kadawa ba ta da nisa. A Maris 2016 aka buɗe kamfanin tumatir na Ɗangote a can, a Jihar Kano, da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana. Cikin 'yan watanni ya tsaya, domin tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki a shekarar. Ko da aka sake buɗewa a 2019, samun isasshen tumatir ya ci gaba da wuya: in kaya ya yi tsada manomi kasuwa yake kaiwa, in ya yi araha kowa ya kawo a mako guda. Wannan ya faru ga mai jarin da babu kamarsa a Afirka, a kan kayan da kowace tukunya take nema. Ina ga dankalin gwangwani da ba a ma san shi ba?

Haka nan maganar tamowa tana bukatar a yi mata adalci. Yaron da ya kai ga kwanciya a cibiyar masu tamowa ta Ƙofar Sauri ba bitamin A kaɗai ya rasa ba. Ya rasa furotin, ya rasa mai, ya rasa abincin kansa. Dankali yana da furotin da bai kai giram 2 cikin 100 ba. Ƙullin maganin tamowa da ake ba iyaye, mai giram 92, wanda aka haɗa da gyaɗa da madara da mai da sukari, yana ba da kalori 500. Dankalin gwangwani mai wannan nauyin bai wuce 100 ba. Amfanin dankali yana wajen rigakafi ne, a cikin abincin yau da kullum, tare da wake da gyaɗa da ganye. Wanda ya kawo adadin yaran da suka rasu don ya tallata gwangwani ya ɗora wa dankali kayan da ba zai iya ɗauka ba.

Duk da haka akwai abin da ɓangarorin biyu suke tsallakewa, kuma shi ne ya raba mini gardamar. A ɗauki wuƙa a yanka dankali daga kowane kashi a Babbar Kasuwa. Cikinsa fari ne, ko ruwan madara, ko rawaya mai haske. Har wanda bawonsa ja ne, galibi cikinsa fari ne tas. Irin wannan dankali abinci ne mai kyau, yana ba da ƙarfi, yana da dusa da fotasiyam da ɗan bitamin C, amma beta-karotin ɗin cikinsa kusan babu. Alƙaluman nan na 787 da 458 duk na dankalin Amurka ne mai ciki ruwan goro. In aka ɗauki namu aka sa a gwangwani, abin da za a samu sitaci ne da sukari a cikin ƙarfe mai tsada, an kuma rage masa ɗan bitamin ɗin da yake da shi. Gwangwani yana tsare abin da aka ba shi ne kawai, ba ya ƙara komai. Gina masana'anta kafin a sauya iri tamkar gina rumbu ne a gonar da ba a shuka gero ba.

Irin kuwa yana nan, ba sai an je wata ƙasa ba. Cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa da ke Umudike a Jihar Abiya, tare da Cibiyar Dankali ta Duniya mai hedkwata a Lima ta ƙasar Peru, ta fitar da King J a 2012, da Mother's Delight a 2013, da Solo Gold a 2018. Ba a cusa musu komai a ɗakin gwaji ba. Barbarar iri ce irin wadda aka saba. Aikin yaɗa irin wannan dankali a Afirka ne ya sa aka ba Maria Andrade da Robert Mwanga da Jan Low, tare da Howarth Bouis, babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2016, bayan an gwada a Mozambik da Yuganda an ga bitamin A ya ƙaru a abincin yara da mata. Giram 125, ƙaramin dankali guda, ya isa yaron da bai shiga makaranta ba a rana. Jihar Osun ta sa shi cikin abincin 'yan firamare. Ƙorafin da aka yi wa na farko-farko gaskiya ne: yana da ruwa, yana da laushi, bakin da ya saba da gari-gari ba ya sonsa. Abin da ya sa aka fitar da Solo Gold ke nan, wanda ya fi Mother's Delight tauri. Yara dai ba su da wannan ƙorafin, zaƙin da launin suna jan su, kuma su ne ake nufi.

In aka samu irin, matsalar ajiya tana da hanyoyin da ba su kai gwangwani tsada ba. Yanke yaɗon kamar mako biyu kafin haƙa yana sa bawo ya yi ƙwari. Haƙa a hankali, da daina cusa buhu har ya fi ƙarfin mai ɗauka, suna rage rauni. Tara shi a lulluɓe da ciyawa da buhun algarara na kwana huɗu zuwa bakwai, cikin ɗumi da laima, yana sa raunin ya warke kafin ruɓa ta shiga. Jera lafiyayyun a cikin busasshen yashi mai sanyi, kamar yadda aka gwada a arewacin Gana, yana kai su 'yan watanni, kuma daga cikinsu ake samun yaɗon shuka in damina ta zo. Yashi dai ba abin da Katsina ta rasa ba ne. Ga madatsun ruwa na Ajiwa da Jibiya da Zoɓe da Sabke, inda noman rani zai iya kawo sabon dankali a watannin da na kaka ya ƙare, muddin tsaro ya bari a je gona. Kuma tsakanin lokutan kasuwa ba ta taɓa zama babu mai launin nan ba: karas da rani, mangwaro da bazara, zogale da alayyahu da damina, manja in ba a soya shi har ya koɗe ba, da kabewa wadda take wata da watanni a gindin gado ba ta nemi murfi ba.

Wurin da na ga masana'anta za ta yi amfani shi ne gidan burodi. Nijeriya na shigo da fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da take ci. A Ruwanda da Kenya an nuna cewa dankali mai jan ciki da aka turara aka markaɗe yana iya maye gurbin har kashi 40 cikin 100 na fulawa, ya rage sukarin da ake zubawa, burodin ya fito da launi mai kyau. Markaɗen ana rufe shi a leda mai kauri ba iska, ba a gwangwani ba, kuma mai sayensa gidan burodi ne, ba magidanci ba. Laushin da ya hana shi shiga kasko a nan ya zama abin so. Burodi da shayi kuwa kowace unguwa ta Katsina ana cin su safe da dare, ba sai an roƙi kowa ya sauya baki ba. Injin markaɗe da tukunyar turara ba su kai kusa da kuɗin masana'antar gwangwani ba, ƙungiyar mata ma za ta iya riƙe su.

Hukuncina ke nan. Masu goyon baya sun yi gaskiya a kan sinadari: dankali mai jan ciki da aka sa a gwangwani yadda ya kamata, ba ruwan sukari, abinci ne mai gina jiki, kuma ya fi busasshen da ya yi wata huɗu a buhu nesa ba kusa ba. Wanda ya same shi ya ci ba fargaba, ya tsiyaye ruwan in mai sukari ne, ya sa ɗan mai don jiki ya fi ɗaukar bitamin ɗin. Yana da gurbi a kayan agaji, inda hukuma ko ƙungiya ce za ta biya. Amma masu suka sun yi gaskiya a kan Katsina ta yau: ya fi ƙarfin aljihun wanda ya fi bukatarsa, bai dace da yadda ake cin dankali ba, kuma dankalin da muke nomawa ba shi da abin da gwangwanin zai tsare.

Don haka kirana ga hukumar bunƙasa noma ta jiha, KTARDA, da malaman gona, da sassan noma da kimiyyar abinci na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, shi ne a kafa gonakin yaɗo a bakin madatsun ruwa, domin manomi ya samu irin mai jan ciki a farkon damina, kusa da gida, a farashin da zai iya. Duk kuɗin da aka yi niyyar zubawa a injin gwangwani, a fara kai shi can. Kai kuma mai karatu, in ka je sayen dankali ka ce wa mai kaya, “Malam, a yanka mini ɗaya in ga cikinsa.” In fari ne ka saya ka ci, amma ka tambaye shi ko yana da mai jan ciki, ka kuma sake tambaya a zuwa na gaba. In masu tambaya suka yi yawa zai gaya wa dillali, dillali kuma zai kai wa manomi labari kafin lokacin shuka.